Ƙasan kujerar keken lema yana cinyewa, me zan sa masa?

"Assalamu alaikum Yaya. Ina karatu a Denmak, bara na sayi keken lema na hannu, irin mai taya ukun nan da lemar iska ke ja. A bakin tekun tsibirin Fano nake hawa. Wata shida ke nan, ƙasan kujerar ya fara yin gashi-gashi, ɗinki biyu sun kwance, ran Asabar kuma wani abu ya doke ni ta ƙasa har na kwana biyu ina zama a karkace. Wani abokin hawa ya ce in ɗaura farantin alminiyam, wani ya ce tamfol ya isa. Wanne zan bi? Kuɗin hannuna ba su da yawa."

Wa'alaikumus salam ƙanena, sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Ka yi tambaya ɗaya, amma abu biyu ne a cikinta. Akwai yadin kujera da ke cinyewa, akwai kuma ƙarshen ƙashin bayanka da ya sha duka. Abin da zai kare na farko ba lallai ya kare na biyu ba, shi ya sa abokanka suka ba ka amsa biyu, kowa ya kama wani gefe. Ni aikina ɗinkin tamfol na manyan motoci a arewacin Jamus, kuma na daɗe ina hawa a Sankt Peter-Ording, yashin da bai da wani bambanci da naku na Fano. Kujerun da suka biyo ta ƙarƙashin keken ɗinkina suna da yawa, don haka daga abin da na gani zan ba ka amsa.

Saboda masu karatu da ba su taɓa ganin abin ba: keke ne mai taya ɗaya a gaba, biyu a baya, ba inji ba birki. Da ƙafa ake juya tayar gaba, hannu kuma yana riƙe da igiyoyin wata babbar lema da iska ke ja. Turawa na ce masa kayit bagi. Tun 1826 wani malamin makaranta a Biristol ta Ingila, George Pocock, ya yi rajistar keken da lema ke ja, amma irin namu na yanzu Peter Lynn na Niu Zilan ne ya fito da shi wajen 1990. Abin da ya shafi tambayarka a cikin ƙirar shi ne, lema ta gefe take jan mutum. In kujera ta yi sama, keken kifewa zai yi. Dole aka saukar da ita ƙasa sosai, aka rataye ta kamar majanyi tsakanin ƙarafan gefe biyu. Tayar baro da ƙananan kekuna ke zuwa da ita tsayinta kamar santimita 40 ne, wato aksul yana santimita 20 daga ƙasa, kujera kuwa a ƙasa da aksul take reto. Saura kaɗan ke nan tsakaninka da yashi, kana kuma tafiyar kilomita 40 a awa, mita 11 a kowace daƙiƙa. In ka ninka gudun, ƙarfin dukan sau huɗu yake ƙaruwa.

Fara kifa keken ka karanta ciwon

Kafin ka sayi komai, wanke kujerar, ka bari ta bushe, ka kifa keken a wuri mai haske. Yadin zai faɗa maka abin da ke cin sa.

In gaban kujerar ne, wajen da ke kallon tayar gaba, ya koɗe ya yi gashi kamar an goga masa sanfefa, to feshin taya ne. Tayar gaba tana kwaso jiƙaƙƙen yashi da ɓarɓashin ƙumba ta watso su baya, daidai tsakanin cinyoyinka. In kuwa dogayen layuka ne daga gaba zuwa baya a daidai inda ɗuwawu ke nutsewa, kujerar ce ke shafar ƙasa, a kan gargadar da ruwa ke bari in ya janye, ko a kan sawun motoci, tunda a Fano mota na shiga bakin teku. Yanka mai tsabta kamar na reza aikin doguwar ƙumbar nan ce mai kama da aska, wadda ta shigo Tekun Arewa daga gabar Amurka a ƙarshen shekarun 1970, yanzu ɓawonta ya cika ko'ina, ko kuma fasasshiyar kwalba. Na huɗun shi ne wanda mutane ba sa lura da shi: ɗinkin da ya cinye daga ciki, saboda yashi ya shiga tsakanin yadi da bel ya zauna yana niƙa duk lokacin da ka motsa.

Yadda ka kwatanta naka, ina ganin na farko da na biyu ne suka haɗu. Ɗinki kuwa kullum shi yake fara tafiya, domin zare a saman yadi yake kwance, shi ƙasa ke fara tarar wa. Yadin da ake yin waɗannan kujeru da shi, nailan mai kauri irin na Cordura, yana daɗewa sosai bayan zaren ya mutu.

Gyara ɗinkin nan biyu tukuna. Zaren foliyesta mai kauri za ka nema, irin na masu ɗinkin tamfol ko filafilan jirgin ruwa, a bi tsohon layi a wuce shi da ɗan yatsa biyu ta kowane gefe, sannan a sa faci ta waje ya rufe zaren. Kada ka rufe kujera mai kwantaccen ɗinki da faranti, don daga ranar ba za ka ƙara ganin sa ba sai ya saki gaba ɗaya.

Abin da ba ya cin ko sisi

Ɗaga kujerar. Kekuna na hannu kusan duk a sake suke zuwa, bel ya miƙe, mai shi na da kuma wataƙila bai kai ka nauyi ba. Shiga ka zauna da duk kayan hawanka, wani ya zura hannu ta ƙasa. A nawa, a yashi mai gargada, ina son dunƙulen hannu ya shige ba tare da ya taɓa yadin ba. Akwai wani abu da na koya a wajen aiki: nailan yana shan ruwa, in ya sha kuma yana ƙara miƙewa. Kujerar da ka daidaita a busasshe a gida, bayan ka ratsa ƙorama biyu ta sauka. Saboda haka jiƙa ta sharkaf kafin ka auna. Kada kuma ka wuce gona da iri wajen ɗagawar, santimita 2 ko 3 ma za ka ji bambancinsu a kwana, tayar da ke gefen iska za ta fi saurin tashi.

Sai madigadi a tayar gaba. Rabin cinyewar da nake gani a kujerun mutane daga nan take, kuma guntun robar jarka da aka lanƙwasa a bayan tayar yana tare mafi yawansa. In ka ƙara da ƙyallen tamfol mai kusurwa uku daga ƙarfen tsakiya zuwa ƙarafan gefe, a gaban kujera, ka gama da feshi, wandonka ma zai huta.

Tamfol, alminiyam, ko roba

Tamfol na sani ciki da waje, don haka ba zan yi masa ƙarya ba. Na manyan motoci, mai nauyin giram 650 zuwa 900 a murabba'in mita, yana jure gogayya, ba ya shan ruwa, ragowarsa kuma kusan kyauta ake samu a shagon masu ɗinki. In matsalarka feshi ce da ɗan shafar ƙasa, abokinka na biyu ya yi gaskiya. Amma yadi ne. Dutse in ya doke shi, lotsawa yake ya miƙa maka dukan yadda ya zo. Abin da ya same ka ran Asabar, da tamfol ko babu, ɗaya ne.

Alminiyam yana tare duka, wannan gaskiya ne, kuma na fahimci inda tunanin ya fito, irin farantin da ake sa wa ƙarƙashin injin motocin da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku. Sai dai mota tana da tsayi da nauyin da za ta ɗauke shi. A keken lema ba na son sa. In ya lotsa a lotse yake zama, kuma sama yake lotsawa, wajen jikinka. In ya yage, bakinsa wuƙa ne. A kan dutse yana cijewa maimakon ya zame. Ga ruwan gishiri: duk inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe mara tsatsa na firam ko na noti, wani farin gari zai fara fitowa, alminiyam ɗin ne ke ruɓewa. Farantin santimita 50 da 80 mai kaurin milimita 2 ya haura kilo 2.

Abin da nake sa wa nawa, nake kuma ba mutane shawara, roba ce irin ta jarka da duro, wadda ake rubuta wa HDPE, ko lamba 2 a cikin alamar nan mai kusurwa uku. Kaurin milimita 3 ya isa. Girman da na ambata ɗazu nauyinsa kilo ɗaya da 'yan kai. Tana da santsi, tana lanƙwasa ta dawo, ba ta shan ruwa, gishiri bai dame ta ba, sanyin hunturu kuma ba ya sa ta tsage. Akwai 'yar'uwarta UHMW da ta fi ta jure gogayya, amma tana da tsada, ga ɗalibi ba dole ba ce. Wadda zan hana ka ita ce roba mai garai-garai kamar gilashi, akirilik, domin fashewa take ta bar tsini.

Tunda ka ce kuɗi ba yawa, nemi shuɗin duron roba mai lita 200, wanda aka zuba kayan abinci a ciki, ba na sinadari ba. Robar ke nan, kuma ya riga ya zo da lanƙwasarsa. Duro ɗaya zai ba ka faranti biyu da madigadi.

Ɗaurin shi ne aikin

Nan nake so ka fi natsuwa, domin farantin da aka ɗaura ba daidai ba ya fi rashinsa haɗari. Ni kaina na gani. Na farkon da na yi, shimfiɗaɗɗe ne, na kama bakinsa na gaba da maɗaurin wayar lantarki guda biyu kacal. Ina cikin tafiya a jiƙaƙƙen yashi ɗaya ya tsinke, ban sani ba. Bakin ya sauko ya zama shebur. Keken ya tsaya cak, lema ba ta tsaya ba, ta fizge ni ta gaba, kafaɗata ta yi wata guda tana ciwo. Garin neman gira na kusa rasa ido. Da na kifa keken, yashin da ke tsakanin faranti da kujera ya kusa cika bokiti.

Daga ranar na gane cewa aikin farantin nan zamewa ne a kan abin da ya tarar, kamar goshin kwalekwale a kan ruwa. Duk sauran ƙa'idojin daga nan suka fito.

Fara da kwali. Yanka shi, ka gwada a ƙarƙashin keken da mutum zaune a ciki, ka rage, ka sake gwadawa, sai ya zauna kafin zarto ya taɓa roba. Faɗinsa ya rufe kujera amma kada ya leƙo waje da ƙarafan gefe. Bakin gaba ya tashi sama sosai, ya je ya ɓuya a bayan mahaɗar da ƙarfen tsakiya ya haɗu da na gefe, ta yadda duk abin da ya taso daga gaba cikin lanƙwasar zai tarar, ba zai sami baki ba. A nan ɗaurin ya zama mai tauri, wuri huɗu aƙalla, da bel da aka zura ta tsaga aka zagaye ƙarfe, ko da zoben matse tiyo na ƙarfe mara tsatsa. In ɗaya ya saki, uku na riƙe.

Bayan kuwa da roba nake kama shi, igiyar roba ko yankin tiyub irin wanda muke ɗaure kaya da shi a bayan keke a gida, zuwa aksul. Dalili, in faranti ya hau kan tudu yana bukatar ya ɗan ja da baya ya dawo. In ka ƙulle shi tamau gaba da baya, ƙarfin dukan a ramukan ɗauri zai taru, nan zai yage. Bakin bayan shi ma a ɗaga shi kaɗan, don ran da lema ta ja ka da baya, ko ka fara koyon tafiya da baya, shi ne zai zama goshi. Gefuna biyu haka. Mu da muke tsayawa ta hanyar jefa bayan keke ya zame a kaikaice, gefen faranti ne ke fuskantar yashi a lokacin, in a miƙe yake zai yanki ƙasa ya kifar da kai. Lanƙwasar duro a nan take amfani.

Inda kake bukatar ƙarin lanƙwasa, injin hura zafi za ka yi aiki da shi, kana yawo da shi a kan layin har robar ta fara sheƙi ta yi laushi. Wajen digiri 130 take narkewa, saboda haka kada ka tsaya wuri ɗaya, kada kuma ka kusanto da harshen wuta. Sa safar hannu, lanƙwasa a kan katako, riƙe, ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma har ta huce. Gam ba ya kama irin wannan roba, kada ka ɓata kuɗinka.

Bar tazarar yatsa ɗaya zuwa biyu tsakanin faranti da kujera lokacin da kake zaune. Wannan tazara ita ce ke shanye duka, faranti ya lotsa cikinta ya baza ƙarfin kafin ya iso gare ka. In suna manne, yashi zai shiga tsakani ya niƙe kujerar fiye da da. Amma lura, tazarar da kaurin robar daga tsayinka na ƙasa aka cire su, shi ya sa na ce ka fara ɗaga kujera. Huda ramuka biyar ko shida masu faɗin milimita 10 zuwa 12 a wajen da ya fi zurfi da can baya, ruwa da yashi su sami hanyar fita.

Ƙananan abubuwa uku da kan zama manya. Kowace kusurwa a zagaye ta, a goge bakin da magagari da sanfefa, domin igiyar lema siririya ce, in ta faɗo ƙasa ta maƙale a kusurwa za ta karce ko ta riƙe lemar a lokacin da kake son sakinta. Kada noti ko tsinin ƙusa ya kasance a ƙarƙashin inda kake zama, ko da kansa na kallon ƙasa, don duka ɗaya zai turo shi sama. Kada kuma ka huda firam. Bututun gefe su ke ɗauke da jan lema, rami a jikinsu nan tsagewa ke farawa, ruwan gishiri kuma ya sami ƙofa.

Soson da ke tsakani

Faranti yana baza duka, bai kashe shi duka ba. Abin da ya rage soso ne zai sha. Ba soson katifa ba, wannan ruwa yake sha ya yi nauyi ya yi wari. Irin robar silifas nake nufi, wadda ake yin tabarmar motsa jiki ko ta kwanan daji da ita, kaurin santimita 1 zuwa 2. Yanka ta daidai mazauni ta haura har ƙugu, ka sa ta cikin kujera. Wasu kujerun suna da aljihu dominta. In taka ba ta da shi, mai ɗinki zai yi maka cikin minti kaɗan. Tana ɗan ɗaga ka, sai ka haɗa da ita cikin lissafin tsayi.

Bayan kowace hawa, kwance robar baya, faranti ya buɗe kamar murfi, ka watsa ruwan famfo a tsakani. Wannan ma wani dalili ne na kama bayan da roba. Duba bel ɗin gaba da hannu, ja kowanne. Gishirin da ya bushe a cikin zare ƙananan ƙwayoyi masu kaifi yake zama, yana yanka shi a hankali.

Inda wannan kariya ta tsaya

Milimita 3 na roba zai tare ƙumba, kwalba, ƙirare, tsakuwa da dutse mai girman dunƙule da ya ɗan leƙo. Ba zai tare guntun rodi da ke tsaye a cikin yashi ba, ko kututturen tsohon turke, ko gungumen da hadari ya kawo ya binne rabi. A gudu mai yawa babu farantin da za ka iya ɗauka da zai tare waɗannan. Kariyarsu ita ce zagayen farko a hankali. Bakin teku kullum sabo ne, ruwa yana shiga ya fita sau biyu a yini, filin da ka sani jiya ba shi ne na yau ba, balle bayan guguwa. Ni ba na sakin gudu sai na bi layin da zan yi wasa a kai sau ɗaya da ƙaramin gudu ina kallon ƙasa.

Awon da na ba ka na keke mai tayar baro ne a yashin Tekun Arewa. Mai manyan tayoyin nan masu faɗi, da tsayinsu ya haura santimita 50, yana da sarari a ƙasa, sau da yawa tamfol da madigadi sun ishe shi. A busasshen fako irin na Ivanpah a Kalifoniya, inda aka haura kilomita 135 a awa a 2012, ƙasa a shafe take, abin tsoro can tsakuwa ce da taya ke harbowa. Wanda kuma zai gwada abin a filayenmu na Sahel, ƙayar aduwa da tsidau tayoyinsa za su fara samu kafin kujera, amma ƙayar aduwa tana huda yadi, don haka roba mai tauri ce ta dace da shi, kuma a faɗaɗa ramukan ɗauri kaɗan saboda robar tana buɗewa a zafin rana.

Maganar jikinka kuma, kwana biyu kana zama a karkace ba ƙaramin duka ba ne. In ciwon ya wuce mako biyu bai ragu ba, je a duba ka. In ka ji ƙafa tana mutuwa, ko dindiris a tsakanin cinyoyi, ko fitsari ya canza, kada ka jira ko kwana ɗaya, asibiti kai tsaye. Kada ka koma hawa sai ka iya zama a kujerar katako ba ka ji komai ba.

Ran da ka koma, yi rabin awa da ƙaramar lema, sannan ka tsaya ka kifa keken. Sabuwar roba tana nuna kowane karce. In layukan a tsakiya suke, dogaye marasa zurfi, faranti na aikinsa. In a goshi suka taru, ƙara ɗaga bakin gaba. In ka ga sawun goga a cikin farantin ta sama, kujera na taɓa shi, ƙara jan bel ɗinta rami ɗaya. Turo min hoton abin da ka gani, da na mahaɗar gaban keken, in duba maka ɗaurin kafin ka fita da babbar lema.